Ƙararrawar Ikko da Burtalin Runka

Tun da muka dawo daga Ikko ban huta da tambaya ba. A majalisa a tambaye ni, a kasuwar Batsari a tambaye ni, ran nan har wurin zaman makoki wani ya matso yana raɗa mini, wai da gaske ne a can akwai ɗakin da ke tashi sama da mutane? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa, har an fara cewa Ardo Manu ya zagi gwamnati ido da ido. Bai zagi kowa ba. Ni Sale da shi muka je, da shi muka dawo, to ga yadda aka yi.

Wanda ba ɗan Runka ba sai na fara gaya masa abin da ya kai mu. Akwai burtali, wato hanyar shanu, da ya taso daga Babban Duhu, ya bi ta gefen gonakinmu ya sauka mashaya. Tun zamanin kakanni, in an gama girbi, Fulanin Ardo Manu suke kawo shanu su sauka a gonakinmu. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki, matansu su kawo nono su koma da hatsi. Gonar da na gada wurin mahaifina ba ta san wani taki ba sai na garken Ardo. Ardon ne ya riƙe ni a cinya ranar da aka yi mini kaciya, shi ya sa nake ce masa Baffa, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba.

Da ranin da ya wuce sai ga wasu ma'aikata a mota, suka kakkafa turaku masu jan fenti, wai za a yi babbar gonar gwamnati wadda tarakta za ta riƙa nomawa. Turakun nan suka ratsa burtali ta tsakiya. Ardo ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce mini, "Sale, in aka ja waya nan, ba ni da sauran zama. Damina ɗaya zan ƙara gani, in ba a cire ba mu yi kudu." Wallahi nan take na hango abin da za mu rasa. Ba takin kaɗai ba, mutanen.

Ana cikin haka aka ji a rediyo cewa gwamnati ta kafa kwamiti ya binciki dalilin da ya sa ƙasa ta rage samar da abin da ta saba. Kuɗin fetur na ta kwarara, amma gyaɗa ta ja baya, auduga ta ja baya, samari sun tafi birni leburanci. Aka ce duk mai shawara, ko babba ne ko talaka, ya zo ya faɗa da bakinsa. Da an yi zama a Kaduna, nan kusa, amma a makon batirin rediyon mai gari ya mutu, ba mu ji ba sai da aka tashi. Zama ɗaya ya rage, shi kuwa a Ikko. Gari ya taru ya ce Ardo ya je, don shi ne babba kuma maganar tasa ce. Ni aka haɗa shi da ni saboda na taɓa yin yaron mota ina saurayi, ina da ɗan Turancin tasha.

Muka hau a-kori-kura daga Safana zuwa Dutsin-Ma, mu da buhunan gero da tunkiya ɗaya wadda ta ƙi jinin rawanin Ardo, duk hanya tana ja yana ƙwacewa. Daga nan babbar mota ta kai mu Funtuwa, muka shiga jirgin ƙasa, a Zariya muka canza wanda zai yi kudu. Ardo bai zo da kaya ba sai buzu da sanda da buta, sai wata ƙwarya cike da man shanu wadda matansa suka ɗaure da tsumma, tsarabar shugaban kwamiti. Na ce, "Baffa, zafi fa ake yi." Ya ce, "Kai Kaɗo, mi ka sani game da man shanu?" Na ɗora ƙwaryar a kan marikin kaya da ke saman kujeru.

Bayan mun wuce Kaduna rana ta buɗe sosai. A ƙarƙashin ƙwaryar akwai wata Bayarabiya 'yar kasuwa, mace mai jiki, ta sha ɗaurin gwaggwaro kamar za ta biki. Ina kallo ɗigo ya sauko tip a kan gwaggwaron. Na kau da kai. Wani ya sake saukowa. Da ta shafa ta sunsuna hannunta, tarago duka sai da ya san an yi ɓarna. Da Hausarta ta Sabon Garin Zariya ta wanke mu tas, ta ce mu mutanen daji ne, ta ce a kira mai duba tikiti. Ni har na fara ɗaukar zafi zan rama, Ardo ya dafa gwiwata. Ya juya gare ta ya ce, "Sannu uwar gida. Ina gajiya? Yaya yara? Yaya mai gidan?" Ta tsaya baki buɗe. Can ta ce yara suna lafiya. Kafin mu kai Minna ta buɗe kwanonta tana zuba mana dafaffiyar doya da wani jan mai mai yaji, shi kuma ya yanko mata rabin abin da ya rage na man shanun a ganye.

A Jebba jirgi ya rage gudu zai hau gada, sojoji suka shigo suna dudduba kaya. Ɗaya ya ɗauki sandar Ardo ya ce makami ce. Bayarabiyar nan ce ta tashi ta yi masa ruwan Yarbanci, har ya mayar da sandar yana dariya. Ardo kuwa bai ma kula ba, ya leƙa taga yana kallon Kwara. Ya ce, "Sale, wanga ruwa duka, ba saniya ko ɗaya bakinshi?" Daga nan ƙasa ta canza. Itatuwa suka yi duhu, rufin ciyawa ya koma na kwano mai tsatsa, masu talla a tasha suka daina jin abin da muke cewa sai nuni da yatsa.

A Ikko muka sauka Agege, gidan Alhaji Garba mai goro, mutumin Batsari ne da ya daɗe a can. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba mu zaurensa. Abinci dai teba ce da miya mai yauƙi, barkonon da ke ciki zai ishi gidana wata guda. Ni na ci ina hawaye ina ƙari. Ardo ya ɗanɗana ya ajiye, ya ce ko za a sami ɗan nono. Aka aika kanti aka kawo madarar gwangwani. Ya juya gwangwanin yana kallon hoton saniyar da ke jiki, ya tambayi Alhaji ina garken yake. Alhaji ya ce ai daga ƙasar Turawa ake kawowa a jirgin ruwa. Ardo ya ce, "Ashe dai da gaske ƙasar ba ta da lafiya." Alhaji ne kuma ya hana mu kai sauran man shanun wurin kwamiti, ya ce a nan in ka miƙa wa ma'aikaci kyauta a gaban mutane sai a ce cin hanci ne. Ardo ya yi salati, ya ce bai taɓa jin inda baƙo ke zuwa hannu rabbana don gudun zargi ba. Matan Alhaji suka ci riba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da mutanen can shi ne gaisuwa. A cikin gida ba wanda ya kai su ladabi. Na ga saurayi da wandonsa mai guga ya kwanta rub da ciki a ƙasa don gaida tsoho, Ardo ya ce wannan ɗan halak ne. Amma da an fita titi shi ke nan, kowa gudu yake kamar an biyo shi. A cikin bas Ardo ya gaida na damansa, ya gaida na hagunsa, ya gaida kwandasta, ba wanda ya amsa sai kwandastan, shi ma hannu ya miƙo. Motoci kuwa sun cushe a kan gada, mai ƙafa ya fi mai mota sauri.

Ranar zaman muka yi sammako. Gini ne dogo, kuma maganar ɗaki mai tashi gaskiya ce, sunansa lif. Ardo ya tuɓe takalma a bakinsa yana zaton nan ne wurin manyan, da ƙofa ta fara rufewa da kyar na fizgo su. Zauren da aka kai mu sanyi gare shi kamar randa. Ga dogon tebur, 'yan kwamiti sun jeru a bayansa, har da mace guda mai tabarau. A tsakiya shugabansu ne, wani dattijo ɗan Arewa mai farin gemu. A gefe ga sakatare, wani matashi mai ɗamarar wuya, da 'yar ƙararrawa a gabansa irin ta makaranta.

Muka zauna muna kallon waɗanda suka riga mu. Wani mai masaƙa ya yi kukan wutar lantarki, wani ya yi maganar albashin ma'aikata, wata shugabar 'yan kasuwa ta yi ta dukan tebur a kan kayan da ke ruɓewa a tashar jiragen ruwa. Kowa da ya tashi, ko sallama babu, sai ya faɗa cikin magana kamar mai faɗa. Bayan 'yan mintoci sakatare ya buga ƙararrawa, ko ka gama ko ba ka gama ba ka sauka. Tafinta ya zo ya raɗa mana cewa lokaci kaɗan ne, a taƙaita. Na ce, "Baffa, ka ji, a taƙaita." Ya ce ya ji.

Aka kira mutanen Runka. Ardo ya durƙusa, na durƙusa bayansa. Ya fara da shugaba.

"Ranka shi daɗe, barka da hantsi. Mun same ku lafiya? Ina gajiya? Ina wahalar jama'a? Yaya iyali? Yaya manya, yaya yara?"

Shugaba ya ɗaga kai daga takardunsa, ya buɗe baki zai amsa, amma Ardo ya riga ya juya ga na kusa da shi, don kada a ce ya raina wani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tafinta na juyawa da Turanci yana share gumi duk da sanyin nan. Mai tabarau ma sai da aka tambaye ta mai gida da yara. Da ya kai ƙarshen tebur sai ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru.

Zaure ya yi tsit. Su suna jiransa, shi yana jiransu. Na zungure shi a baya, bai motsa ba. Ni kuwa a gaban babba ba ni da bakin fara magana, ko a Runka balle a nan. Ina ji ina gani sakatare ya dubi agogonsa, ya ɗaga hannu, ƙararrawa ta ce ƙilin! Aka ce na gaba.

Ban san lokacin da muka sauko ƙasa ba. Muna fita na manta da girma na manta da komai. Na ce, "Haba Baffa! Haba don Allah! Gari ya tara guzuri, mun ƙetare Kwara, mun sha barkono, ka zo ka tambayi lafiyar 'ya'yan mutane ka yi shiru? Ba na ce a taƙaita ba?"

Ya ce, "Na taƙaita mana. Ka ji na tambaye su dabbobi? Ka ji na tambaye su surukai?"

"To shirun fa? Burtalin fa?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Yaro, ka taɓa ganin baƙo ya shiga gidan mutane ya zazzage buƙatarshi tun mai gida bai ce mi ke tafe da kai ba? Ni maroƙi ne?"

Gaskiyarsa ce kuwa. Haka muke yi. Ko gobara ce ta kawo ka gidan mai gari, sai an gama gaisuwa ya ce lafiya dai, sannan ka faɗi. Na zauna a kan dakalin ginin. Na ga jan turakun nan a idona, na ga garken Ardo ya nufi kudu, na ga kaina ina gaya wa mutanen Runka cewa mun je mun gaishe su.

Da azahar ta yi wani masinja ya nuna mana inda ake salla a bayan ginin, 'yar rumfa ce da famfo. Muna alwala sai ga dattijon nan shugaban kwamiti, ya tuɓe babbar riga ya rataya a kafaɗa, da butarsa a hannu. Ya tsuguna kusa da Ardo. Sai da aka idar da salla, sannan ya juyo ya miƙa masa hannu.

Ya ce, "Ardo, ɗazu ka tambaye ni iyali ban samu na amsa ba. Suna lafiya, sai dai uwargidan ce ƙafa ke damunta. Gajiya kuwa akwai ta. Tun da muka fara zaman nan na zaga ƙasar nan, mutane sun gaya mini abin da ke damun masaƙa da tashar jirgi da ma'aikata, amma ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana sai kai."

Ardo ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya kuma faɗa masa maganin ciwon ƙafa na saiwar wani itace. Daga nan shugaba ya karɓi gaisuwar, ya tambaye mu hanya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi shanu. Ni kuwa ina ta addu'a a zuciya. Can ya gyara hularsa ya ce, "To Ardo, lafiya dai? Me ke tafe da ku tun daga ƙasar Katsina?"

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ardo ya ce, "Lafiya lau, sai alheri," sannan ya fara. Bai yi nisa ba shugaba ya ɗaga hannu ya ce wannan magana ba tasa ba ce shi kaɗai, mu biyo shi mu faɗa a gaban sauran don a rubuta.

Da aka koma zaure ya yi wa 'yan'uwansa bayani da Turanci, na tsinci kaɗan, na ga mai tabarau tana murmushi. Ya miƙa hannu ya ɗauke ƙararrawar daga gaban sakatare ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Sannan ya sake tambayar Ardo a gaban kowa abin da ke tafe da shi.

Ardo ya ce, "An ce kuna neman abin da zai sa ƙasa ta ƙara yalwa. Mu a wurinmu gona da saniya tare suke ci. Saniya ta ci karan gona, gona ta ci kashin saniya. Takin buhu da kuke aikowa muna godiya, amma bara sai da dawa ta fitar da kai ya iso. Ba mu ce kada a yi gonar tarakta ba, ku yi, Allah shi sa albarka. Hanya dai muke roƙo a bar wa shanu su kai ga ruwa. In babu hanya za mu tashi, in muka tashi gonakin waɗanga za su mutu, ku kuma ku ƙara sayen madarar gwangwani."

Wani mai ƙaramin gemu, aka ce malamin jami'a ne, ya tambaya ko ba shanun ne ke cinye amfanin manoma ba, don ƙorafin da suka sha ji ke nan a wasu wurare. Ardo ya waiwayo ya ce, "Ga manomi nan, shi ya amsa." Na miƙe na ce suna shiga mana gona wani lokaci, har mukan yi cacar baki, amma inda aka matse hanya nan suka fi shiga, kuma ni dai gara saniya ta ci mini kunya biyu da in rasa takin shekara. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Mai tabarau ta yi tambaya a kan matan da ke sayar da nono, ta daɗe tana rubutu ita ma. A ƙarshe shugaba ya ce kada mu ɗauka ya yi mana alkawari, su shawara kawai suke ba gwamnati, amma maganarmu ta shiga. Da muka juya za mu fita na ji ƙararrawar tana ƙara a aljihunsa yana gyara zama.

Dawowa ba wani labari, sai dai Ardo ya sayi gwangwanin madara ɗaya ya kawo wa matansa su ga abin mamaki. Damina ta sauka, muka yi shuka, muka yi noma, turaku na nan ja wur, ba labari. Mutane suka fara yi mana dariya a majalisa. Ardo ya aiki babban ɗansa kudu ya dubo musu wurin zama. Duk lokacin da na bi ta burtali sai in kau da kai.

Ana gab da yankan gero sai ga motar nan ta dawo. Ma'aikatan suka tuge turakun suka matsar da su gabas, suka bar hanya. Ba ta kai faɗin ta da ba, amma garke zai wuce. Na tambayi babbansu wa ya ba da umarni, ya ce shi dai daga sama aka ce. Ko maganarmu ce ta yi aiki, ko wani dalili ne nasu, Allah ne masani, ni ban ƙara da komai ba.

Shekaranjiya da safe ina gona ina tara kara, sai na ji ƙasa tana amsawa. Na ɗaga kai, ga su nan sun biyo burtali, farare da jajaye, Ardo na gaba da sandarsa a kafaɗa. Shanu suka bazu cikin gonata kamar yadda suka saba tun ina yaro. Na jefar da abin da ke hannuna na je na durƙusa. Ya tambaye ni kwana, ya tambaye ni gajiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi surukai, ya tambayi jakina da awaki. Ni ma na bi nasa haka, ban tsallake ko maraƙi ba. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan na ce, "To Baffa, lafiya dai? Me ke tafe da kai?"

Ya nuna shanun da haɓa, ya ce, "Ba komai, Kaɗo. Gida muka zo."